Rabon Iko a Kundin Tsarin Mulkin Nijar: Abin da Ake Gani daga Tasawa da Mayahi

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu duba yadda kundin tsarin mulki yake yi wa masu mulki iyaka, da yadda abin yake isowa gundumomin Tasawa da Mayahi na jahar Maraɗi. Shi kansa ƙayyade iko ba baƙo ba ne a wannan yanki. A sarautar Katsinawan Maraɗi, rukuni, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, su ne ke zaɓen sarki, kuma sarki bai cika zartar da babbar magana ba sai da su. Bambancin kundi shi ne a rubuce yake, akwai kuma kotun da za a kai ƙara in an taka shi.

Kundin da aka jefa wa ƙuri'a ranar 26 ga Disamba 1992 ya raba iko gida uku: majalisar dokoki ta yi doka, gwamnati ta zartar, kotuna su yi hukunci. Sai dai ya sake raba ikon zartarwar tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, irin na Faransa. Muddin su biyun jam'iyyunsu na tafiya tare, ba a ganin ɓarakar. Amma da shugaba Mahaman Usman ya rusa majalisa a Oktoba 1994, zaɓen Janairu 1995 ya ba ƴan adawa rinjaye, dole ya naɗa Hama Amadu firaminista. Nan aka shiga zaman doya da manja. Wa ke tsara abin da za a tattauna a taron ministoci? Wa ke da ta cewa wajen naɗa manyan ma'aikata? Kundin bai fayyace ba, kowa ya karanta shi ta inda ya fi masa. A ganinmu wannan tambaya ta biyu ita ta fi shafar talaka, domin a lokacin Tasawa da Mayahi suna hannun suprefe ne, wanda daga Yamai ake naɗo shi, kuma ta hannunsa maganar haraji da rikicin manoma da makiyaya ke bi. Rigimar ba kotu ce ta kashe ta ba: ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka.

Kundin 1999 ya ƙara fayyace rabon, ya kuma ce wa'adin shugaba shekara 5 ne sau biyu, ba a taɓa wannan aya. Duk da haka a 2009 Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Fatimata Bazeye, ta soke kiran ƙuri'ar raba-gardama ranar 12 ga Yuni, shi kuma ya rusa kotun. Soja suka sauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Akwai kuma rabon da ke gangarowa ƙasa, wanda sau da yawa masu nazari kan tsallake. Zaɓen Yuli 2004 ya ba kwaminoni majalisunsu: 7 a gundumar Tasawa, irin su Maijirgi da Urafan da Korgom, 8 a ta Mayahi, irin su Kanambakashe da Cake da Isawan. A wancan lokaci kansiloli ne ke zaɓen magajin gari, su amince da kasafin kuɗi, prefe kuma ya duba ko an bi doka. Gaskiya kuɗin bai taka kara ya karya ba, yawanci harajin kasuwa ne da na kai, amma a lokacin ɗan Cake ya san ƙofar da zai buga, ya kuma san ranar zaɓe tana tafe.

Wannan iko na ƙasa jingine yake da na sama. Bayan an dakatar da kundin 25 ga Nuwamba 2010 a juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai aka rusa zaɓaɓɓun majalisun kwaminoni a Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu, har da waɗannan kwaminoni 15.