Armuwar ta cikin kwali

Yara, kun taɓa ganin armuwar da ta zo gida cikin kwali? A kasuwannin Maradi, Damagaram da Yamai ana sayar da irinta da yawa, musamman don kayan ɗakin amarya. Ba a harhaɗe take zuwa ba. Allunan katako ne a jere, da ƴar jaka ta ƙusoshi, da takarda mai zane. Sai an kai gida a haɗa ta.

Wannan dabara ta yaɗu ne daga ƙasar Suwed, a Turai. A shekarar 1956, wani ma'aikacin kamfanin IKEA, Gillis Lundgren, ya so ya sa tabur cikin mota, bai shiga ba. Sai ya cire mashi ƙafafu. Kaya a shimfiɗe ba su cin wuri cikin mota ko jirgin ruwa, don haka kuɗin ɗauka yakan ragu, su yi araha.

Amma ku duba gefen allon da kyau. Yawanci ba itace ba ne kamar wanda kafinta yake yankawa. Dusar katako ce da ɓarɓashi, aka cuɗa da kol, aka danne da inji mai zafi, aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. Babban abokin gabanta ruwa ne. In ruwa ya shiga, sai ta kumbura kamar burodin da aka jiƙa. Ko ta bushe, ba ta komawa yadda take.

Na ga haka da idona. Akwai armuwar a ajinmu inda muke ajiye littattafai. Kowace safiya ƴan shara sukan yayyafa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta. Ba wanda ya kula, har ni malaminsu. Kafin damina ta ƙare, gindinta ya kumbura, ya fara marmashewa, ƙofa guda ta ƙi rufuwa. Da mun ɗora ta bisa tubali huɗu tun farko, da ba a yi wannan hasara ba. Tubalin yana raba ta da danshi, kuma yana bari a leƙa ƙarƙashi a ga ko gara ta fara gini. A bar ɗan fili tsakaninta da bango. Kada a ɗora mata kwanon ruwa ko tukunya mai zafi. In za a goge ta, tsumma busasshe ya isa.

Sai maganar bis, wato ƙusa mai murɗi. Da buɗe ƙofa da rufewa, sannu a hankali takan saki, armuwar ta fara rangaji. Rangajin nan shi ke cinye ramin. Sau biyu a shekara, da hunturu da kuma farkon damina, a bi su ɗaya ɗaya da turnabis. A murɗa har ta tsaya, a bari nan. Mai nuna ƙarfi shi ke fasa allo. In rami ya riga ya faɗaɗa, a samu tsinken ashana biyu ko uku, a cire kan, a shafa masu kol, a cusa ciki. Washegari a mayar da bis, za ta kama.

Siririn allon nan na baya, wanda mutane ke renawa, shi ke hana armuwar karkacewa. In ƙusarshi ta fita, a buga wata nan da nan.

Kaya masu nauyi, kamar kwanoni da manyan littattafai, a sa su ƙasa, tufafi a sama. In za a sake mata wuri, a kwashe kayan ciki, mutum biyu su ɗaga ta. Ja bisa siminti yana karya ƙafa. Doguwar armuwar kuma a ɗaure ta da bango da ƙarfe ko waya mai ƙwari, don ƙannenku suna son hawa, kuma tana iya faɗo masu.