Me Ya Sa Fankar Laftof Ke Ƙin Yin Shiru Bayan An Sabunta Windows?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara goma bayan fitowarta. Wannan ya sa mutane da yawa, daga ofisoshi zuwa shagunan buga takardu da ɗakunan kwanan ɗalibai, suka haƙura suka koma Windows 11, wadda ke kasuwa tun Oktoban 2021. Ƙaurar kan tafi lami lafiya, allo ya yi kyau, komai ya buɗe. Sai kuma wani abu ya biyo baya: fankar laftof ta kama huci ba ƙaƙƙautawa. Ko ba a taɓa komai ba tana gudu, ƙasan na'urar ya ɗau zafi, batir kuma ya riƙa zuƙewa tun kafin a gama aikin da aka zauna yi.

Da yawa kan ɗauka fankar ce ta lalace, su nufi wurin mai gyara a canza ta. A mafi yawan lokuta lafiyarta ƙalau. Fanka ba ta gudu don ra'ayin kanta, umarni take bi, kuma zafi ne ke jawo umarnin. Don haka aikin da ke gaban mai laftof shi ne ya gano inda zafin ke fitowa, kuma akwai tsarin bi daki-daki da zai kai shi can ba tare da ɓarnar kuɗi ba.

Yadda laftof ke shan iska

A tsakiyar kowace kwamfuta akwai firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafi. Girmanta bai kai akwatin ashana ba, amma kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa. An ɗora mata wani bututun tagulla mai ɗan ruwa kaɗan a rufe a cikinsa. Idan firosesa ta yi zafi, ruwan ya zama tururi, ya gudu zuwa ɗaya ƙarshen bututun inda aka jera wasu siraran ƙarafa kamar haƙoran mataji. Nan fanka ke hura iska ta fitar da zafin waje, tururin ya sake zama ruwa ya dawo. Tsakanin firosesa da tagullar kuma akwai wani mai mai kauri, ruwan toka, da ake shafawa don zafi ya ratsa da sauri.

Wani ɗan ƙaramin guntu a jikin babban allon lantarki da ke cikin na'urar ne ke sauraron ma'aunan zafi, shi ke ce wa fanka ta tashi, ta ƙara gudu ko ta tsaya. Laftof mai lafiya da ba ta aikin komai kan zauna tsakanin digiri 40 zuwa 55 a ma'aunin Salshiyos. Yawancin firosesocin Intel na laftof iyakarsu wajen digiri 100 ce. Idan suka doshi nan, sai su rage wa kansu gudu don kada su ƙone, idan abin ya faskara na'urar ta kashe kanta. Shi ya sa laftof mai zafi ke zama mai nauyin aiki, ana danna abu tana jan ƙafa.

Kwanakin farko: haƙuri kawai ake bukata

Sabunta babbar manhaja kamar tarewa ne a sabon gida. An sauke kaya, baƙi sun watse, amma jeren ɗaki bai ƙare ba. Bayan allo ya nuna an gama, Windows na ci gaba da ayyuka masu nauyi a ɓoye. Tana bin fayilolin mutum ɗaya bayan ɗaya tana rubuta sunayensu a kundin bincike, don in an nemi takarda a same ta nan take. Tana sauko da ragowar gyare-gyare daga intanet tana girkawa. Manhajar tsaro ta Microsoft Defender na bincikar duk abin da ke cikin na'urar. Idan kuma OneDrive a kunne take, tana ta ɗora hotuna da takardu, tana cin data tana cin wuta.

A kwamfutocin Apple ma haka abin yake. Bayan an sabunta macOS, Spotlight na sake gina kundinta daga tushe, manhajar hotuna kuma ta shiga tantance fuskokin da ke cikin dubban hotuna. Masu amfani da Ubuntu su ma suna ganin irin wannan a ranakun farko.

Maganin wannan shi ne a jona laftof da caja, a ajiye ta a kan tebur, a bar ta a kunne na wasu sa'o'i ta gama abin da take yi. A nan ne ƙarancin wutar lantarki ke kawo cikas. Wanda ke kunna laftof na minti arba'in ya kashe saboda an ɗauke wuta, kullum katse mata aikin yake yi, gobe ta ɗora daga inda ta tsaya. Aikin da zai ƙare a yini ɗaya sai ya ja mako guda, musamman a tsofaffin na'urori masu faifan ajiya mai juyawa, waɗanda ba a sa musu ma'ajiya mai sauri ta SSD ba.

Wa ke cin ƙarfin firosesa?

Idan an yi kwana biyu ko uku fanka ba ta lafa ba, lokacin bincike ya yi. A Windows, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare na buɗe Task Manager, inda ake ganin jerin duk manhajojin da ke aiki. Idan aka danna kan layin da aka rubuta CPU, wadda ta fi cin ƙarfi za ta hau sama. A Mac, Activity Monitor ce ke wannan aiki. Kwamfutar da ke zaune ba a aiki da ita bai kamata ta wuce kashi 10 cikin ɗari na dogon lokaci ba. In ta tsaya a 40 ko 60, akwai mai laifi, kuma ga sunansa a rubuce.

Wasu sunaye sun saba bayyana. Windows Modules Installer Worker shi ne mai girka gyare-gyare, kuma idan ya maƙale, sau da yawa sake kunna na'urar da barin Windows Update ta kammala ya wadatar. Antimalware Service Executable shi ne Defender. A Mac ana ganin mds da mds_stores, su ne ma'aikatan Spotlight. Wani lokaci kuma tsohuwar manhajar kashe bairos ce da ba ta jitu da sabuwar Windows ba, ko kuma an girka guda biyu suna ta bincikar juna. Cire ɗaya kan kawo sauƙi cikin mintuna. Burauza mai shafuka talatin a buɗe ita ma tana cikin masu laifi.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari. Manhajojin sata, irin waɗanda ake loda wa mutum a kasuwa ko ya sauko da su daga shafukan da ba a san asalinsu ba, wani lokaci suna zuwa da ɓoyayyen shiri mai haƙar kuɗin kirifto. Shirin na amfani da firosesar mai laftof yana tara wa wani kuɗi a wata ƙasa, shi kuwa a bar shi da zafi da mataccen batir. Wasu daga cikinsu har suna lafawa da zarar an buɗe Task Manager. Fankar da ke yin shiru in an buɗe shi, ta tashi in an rufe, ta isa dalilin yin cikakken binciken bairos.

Direbobi da saiti

Idan firosesa ba ta aikin kirki amma fanka na gudu, sai a koma kan direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke fassara tsakanin Windows da sassan na'ura. Lokacin sabuntawa Windows kan ajiye direban da kamfanin laftof ya rubuta, ta sa nata na gama-gari. Wanda ya fi jawo zafi shi ne na hoto. Idan aka buɗe Device Manager aka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter a gurbin sunan Intel ko AMD ko Nvidia, to firosesa ce ke ɗaukar aikin da sashen hoto ya kamata ya yi, ko bidiyon YouTube zai sa ta gumi. A shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ake samun direban da ya dace, ta hanyar rubuta lambar samfurin da ke manne a ƙasanta. Manhajoji irin su Lenovo Vantage da HP Support Assistant da SupportAssist ta Dell suna yin wannan neman da kansu.

Sai saitin wuta. A Windows 11 akwai zaɓi uku a sashen wuta da batir: na cikakken ƙarfi, na tsaka-tsaki, da na tattalin wuta. Na farkon na sa firosesa ta riƙa zabura kan ƙaramin aiki. Mai rubutu a Word da duba imel ba ya bukatarsa, na tsaka-tsaki ya ishe shi. Masu HP EliteBook da ProBook, waɗanda suka cika kasuwannin kwamfuta na hannu daga Computer Village da ke Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, suna da wani abin dubawa na daban. A cikin BIOS ɗin yawancinsu, wato shafin saitin asali na na'ura wanda ake shiga da maɓallin F10 lokacin kunnawa, akwai saitin da ke cewa fanka ta yi ta gudu muddin caja na jone. Idan BIOS ya koma saitinsa na asali, wannan zaɓi kan iya kunnuwa. Alamarsa a fili take: a jona caja fanka ta tashi, a cire ta yi shiru.

Sabunta BIOS ɗin kansa na warware matsalar a wasu na'urori, amma shi ne mataki mafi hatsari a duk jerin nan. Idan wuta ta yanke a tsakiyarsa, laftof na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ba a yin sa sai batir a cike kuma mai riƙe caji, caja a jone da wutar da aka tabbatar da ita.

Windows ta kuma tanadi hanyar komawa baya. Takan ajiye tsohuwar manhajar a wata jaka mai suna Windows.old na kwana 10, kuma a cikin wa'adin ana iya komawa ta sashen Recovery. Bayan nan sai ta goge jakar. Saboda haka duk binciken da za a yi, a yi shi kafin kwanakin su cika.

Ƙura, katifa da zafin bazara

Sau da yawa sabuntawar ba ita ta haifar da cutar ba, tona ta kawai ta yi. Laftof ɗin da ta yi shekara huɗu ko biyar a wani ofis a Turai kafin ta iso Kano ko Maraɗi, man da ke kan firosesarta ya riga ya bushe ya farfashe. Daga nan ta sha hunturu biyu ko uku. Idan mai gyara ya kwance murfin ƙasa ya ɗaga fankar, abin da yake tararwa a bakin siraran ƙarafan nan wani dunƙulallen abu ne mai laushi, ƙura da zaren tufafi da gashi sun haɗu sun toshe hanyar iska ruf. Da hantsaki ake ɗago shi, ya fito a dunƙule. Da ƙaramin aiki na'urar na lallaɓawa a haka, amma da sabuwar manhaja ta ɗora mata nauyi sai asiri ya tonu.

Gwajin mai sauƙi ne. A sa hannu a bakin mafitar iska lokacin da fanka ke ƙara. Idan iska mai zafi na fitowa da ƙarfi, hanya a buɗe take. Idan ƙara kawai ake ji, iskar kuwa da ƙyar take taɓa fata, akwai toshewa. Manhajoji na kyauta irin su Core Temp da HWMonitor na nuna zafin da lamba, kuma na'urar da ke digiri 75 ko 80 alhali ba ta aikin komai tana neman shara da sabon mai. Wajen hura mata iska, a kashe ta, a cire caja, a kuma riƙe fukafukan fankar kada su yi ta juyawa da ƙarfin bulowa, domin hakan na iya lalata ta.

Inda ake ajiye ta ma na da tasiri. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska, don haka ɗora su a katifa ko matashi ko darduma toshe musu hanci ne. Faranti mai faɗi ko ɗan katako ya wadatar, kuma ɗaga bayanta kaɗan na ƙara mata iska.

Akwai lokacin da fankar ce da kanta ta gaji. Ƙarar gurzawa ko kaɗawa, maimakon hucin iska, alama ce ta hakan. Laftof ɗin HP kan nuna lambar 90B lokacin kunnawa idan fanka ba ta aiki daidai, ThinkPad kuma ta rubuta Fan Error ta ƙi wucewa. A nan canji ya wajaba. Haka idan wurin linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya kumbura, batir ne ya kumbura, kuma a daina caja shi har sai an cire shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Saura na'urorin da tun farko ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Microsoft ta gindaya cewa sai da guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya mai gigabait 64, sannan a ɓangaren Intel sai firosesa ta zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma na'urar takan tashi. Sai dai kamfanonin da suka ƙera ta ba su rubuta mata direbobin sabuwar manhajar ba, Microsoft kuma ba ta yi alkawarin ci gaba da tura mata gyara ba. Mai irin wannan laftof zai fi samun sauƙi idan ya sa mata SSD, ya ƙara RAM zuwa gigabait 8, ko ya gwada manhaja mara nauyi irin Linux Mint, wadda kyauta ce.

Game da shara kuwa, lokacin da ya fi dacewa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, lokacin da hazo ya fara janyewa. Daga nan ake shiga watannin da zafin rana ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, kuma iskar da fanka za ta ja don sanyaya firosesa ita kanta mai zafi ce. Laftof ɗin da aka share, aka sabunta wa mai kafin Afrilu, tana shiga bazara da hanyar iskarta a buɗe, sannan ne ya fi dacewa a ɗora mata sabuwar manhaja.