Yaya Ake Ƙirga Mutum Miliyan Shida?

Malamin lissafi zai rubuta 6,000,000 a allo cikin ƙiftawar ido, ɗan aji huɗu ma ya karanta maka shi. Amma a shekarar 1998, a wata ƙaramar sakandare da ke garin Whitwell a jihar Tennessee ta Amurka, da aka gaya wa ɗalibai cewa wannan ne adadin Yahudawan da gwamnatin Hitler ta kashe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai yaran suka ce su fa ba su gane ba. Lambar sun gan ta, yawanta ne ya ƙi shiga kansu. Mutanen garin nasu gaba ɗaya ba su kai dubu biyu ba, kuma babu Bayahude ko ɗaya a makarantar.

Ni ban ga laifinsu ba. Gwada da kanka: in ka fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, lamba guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka shafe kwana 69 da ɗoriya kafin ka kai miliyan shida.

Kafin mu ga dabarar da yaran suka yi, bari mu waiwayi abin da ya faru. Hitler ya hau mulkin Jamus a watan Janairun 1933. Ba da kisa aka fara ba, da baki aka fara, sannan doka ta biyo baya. A 1935 dokokin Nuremberg suka ƙwace wa Yahudawa 'yancinsu na 'yan ƙasa, suka haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. A daren 9 ga Nuwamban 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, bayan 'yan kwanaki kuma aka hana 'ya'yansu shiga makarantun gwamnati. A wannan shekarar ce aka buga wani littafin yara mai zane-zane da ke kwatanta Bayahude da lema mai guba, wato wannan tsiron da ke fitowa da damina. Ke nan a hannun manya yara suka koyi ƙiyayyar, kuma a littafi.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, abin ya koma kisan ƙare dangi. A Babi Yar, wani kwazazzabo da ke gefen birnin Kiyef na Yukiren, an harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a watan Satumban 1941. Daga baya aka gina sansanoni masu ɗakunan iskar guba a ƙasar Poland da Jamus ta mamaye. A sansanin Auschwitz kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari, kusan miliyan guda daga cikinsu Yahudawa. Da yaƙin ya ƙare, biyu cikin kowane Yahudawan Turai uku sun halaka, ciki har da yara kimanin miliyan ɗaya da rabi. Sojojin Tarayyar Sobiyat sun isa Auschwitz ranar 27 ga Janairun 1945, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2005 don tunawa da wannan kisan kiyashi da ake kira Holokos.

To, ɗaliban Whitwell suka ce suna son su tara wani abu guda miliyan shida, su gani da idonsu. Shugabar makarantar, Linda Hooper, ta ce ta yarda, amma su nemo abin da ke da alaƙa da tarihin. Suka bincika, suka gano cewa lokacin da Jamus ta mamaye Norway, mutanen ƙasar sun riƙa maƙala ɗan ƙarfen nan na haɗa takardu a rigunansu, alamar ba su yarda da mamayar ba. Sai suka zaɓe shi, suka shiga rubuta wasiƙu suna roƙon a aiko musu.

Da farko abin tafiyar hawainiya ya yi. Sai da wasu 'yan jaridar Jamus biyu, Peter Schroeder da matarsa Dagmar, suka yaɗa labarin, jaridar Washington Post ma ta ɗauka a 2001, sannan saƙonni suka fara kwarara. Ƙarafan da suka samu sun haura miliyan 30. Abin da ya fi burge ni shi ne wasiƙun da suka zo tare da su. Mutum zai aiko da ƙarfe ɗaya tak, ya rubuta sunan mahaifiyarsa ko ƙaninsa da aka kashe. Yaran da suka fita neman adadi, sai ga su suna karanta sunaye.

Ma'auratan nan kuma suka samo musu wani tsohon taragon jirgin ƙasa daga Jamus, irin wanda aka riƙa cusa mutane ciki kamar dabbobi ana kai su sansanoni. An girke shi a harabar makarantar, aka buɗe shi ranar 9 ga Nuwamban 2001, da ƙarafa miliyan 11 a cikinsa: miliyan shida na Yahudawa, miliyan biyar na sauran waɗanda 'yan Nazi suka kashe. A nan akwai gyara. Masana tarihi sun ce miliyan shidan yana da tushe a takardun 'yan Nazi kansu da ƙididdigar jama'a ta kafin yaƙi da bayansa, amma miliyan biyar ɗin ba daga wani bincike ya fito ba. Fursunonin yaƙi 'yan Sobiyat kaɗai da suka mutu a hannun Jamus sun kai wajen miliyan uku, ban da 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da fararen hular Poland. Kyakkyawar niyya ba ta hana a binciki lamba.

Na san wani mai karatu zai ce, ina ruwanmu da wannan, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa? Tambaya ce da ta cancanci amsa. Yarinyar da aka jefa ɗakin iskar guba a 1942 ta mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila, ba ta da hannu a komai. Kana iya sukar kowace gwamnati iya son ranka ba tare da ka ƙaryata mutuwarta ba. Kuma a wancan lokacin ma an samu waɗanda suka bambanta mutum da siyasa. Mohammed Helmy, wani likita ɗan Masar da ke zaune a Balin, ya ɓoye wata budurwa Bayahudiya shekara da shekaru har yaƙin ya ƙare. A Albaniya, iyalai da yawa, akasarinsu Musulmi, sun ɓoye Yahudawa a gidajensu, har yawan Yahudawan ƙasar bayan yaƙi ya fi na kafinsa.

Abin da ya sa maganar koyar da yara ta zama ta gaggawa shi ne shaidu suna ƙarewa. A farkon 2024 ƙungiyar Claims Conference ta ƙiyasta cewa waɗanda suka tsira kuma suke raye kimanin 245,000 ne, rabinsu sun kai shekara 86 ko sun haura. Wani bincike da ƙungiyar ta yi a Amurka a 2020 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na matasan da aka tambaya ba su san an kashe miliyan shida ba. Su kuwa masu ƙaryata abin ba su gaji ba, kullum suna TikTok da Facebook.

A Jamus, wani mai zane da sassaƙa, Gunter Demnig, ya bi ta wata hanyar daban. Tun a shekarun 1990 yake binne ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, faɗin tafin hannu, a ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe kafin a kama shi. Kowane dutse suna ɗaya, da shekarar haihuwa, da inda aka kai mai sunan. A 2023 aka binne na 100,000. Sau da yawa 'yan makaranta ne ke shiga ɗakunan adana takardun tarihi su tono labarin mai sunan, su ne kuma ke fitowa da tsumma su goge tagullar in ta dushe. A ganina wannan ya fi tarin ƙarafa shiga zuciya, domin yaro zai gane cewa a layinsu abin ya faru, kuma maƙwabta suna kallo ta taga.

Cibiyar Yad Vashem da ke birnin Ƙudus ta shafe shekaru tun daga 1950 da wani abu tana tattara sunayen waɗanda aka kashe, kuma ta samu wajen miliyan biyar. Ragowar miliyan guda su ne masu wuyar samu. Da yawansu 'yan ƙauyukan gabashin Turai ne da aka harbe a bakin rami, uwa da uba da 'ya'ya da maƙwabta duk a yini ɗaya, ba a bar ko mutum guda da zai zo daga baya ya faɗi sunansu ba.