Aikin Jinya a Karkarar Damagaram

Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sauro ya yawaita, ɗakunan shan magani na karkara kan cika maƙil. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa tare suke zuwa, kuma ƙananan yara suka fi kamawa.

Ma'aikacin irin wannan wuri ba shi da aiki guda. Da safe ya ɗora yaro bisa sikeli, ya soki yatsarsa domin gwajin zazzaɓi. Da dare a buga masa ƙofa saboda mai naƙuda. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma jinkirin biyan asibitoci ya sha barin ma'ajiyar magani wayam. Nan ne ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba suka sa hannu.

A Miriya, ƙungiyar ƴan ƙasa ta BEFEN, tare da ALIMA wadda aka kafa a 2009, sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ma'auni mai launi uku. Kore lafiya ne, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani.

Yaron da aka kawo da wuri ana iya jinyarsa a gida da abincin gyaɗa mai gina jiki, ba sai an kwantar da shi ba. Saboda haka, ya ku magidanta, idan ma'auni ya nuna ja, kada noma ko kuɗin mota su sa a kwana: jinkirin kwana biyu kan raba uwa da ɗanta.