Kufan Surame

Kowa a cikinmu ya san kufai. Manomi a ƙasar Gaya ko Ajingi yakan yi huɗa, garmarsa ta tono tsingaro da guntun dutsen niƙa. Ya ɗaga kai ya ga kukoki sun taru wuri guda, ba gida ko ɗaya a kusa. To, nan gari ne a dā. Kuka tana da tsawon rai, masu ita sukan tashi su bar ta tsaye.

Yau za mu ba ku labarin wani babban kufai, sunansa Surame. Yana cikin daji, yamma da Sakkwato, wajen Binji. Daga nan wajenmu tafiya ce mai nisa: sai an bi ta Kano, a wuce Gusau, a kai Sakkwato tukuna.

Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shi ya gina birnin. Dā yana bin Askiya, Sarkin Songhai. Wajen shekarar 1516 ya ɓalle, Askiya ya aiko da yaƙi, bai ci shi ba. Kanta ya zauna Surame, ya kewaye ta da ganuwa.

Ganuwar nan ita ce abin kallo. Mu a ƙasar Kano mun saba da ganuwar ƙasa, wadda damina ke ci kowace shekara in ba a yi mata yaɓe ba. Ta Surame kuwa duwatsu aka jera, aka haɗa su da laka. Shi ya sa yau shekara wajen 500 ke nan, amma mutum yana iya bin ta da ƙafa, ya ga inda ƙofofi su ke. Mutanen wurin suna ba da labari, wai Nufawa sun makara zuwa aikin ginin, Kanta ya ce kada su kwaɓa lakarsu da ruwa, sai da man kaɗe. Labarin kaka da kakanni ne, amma ya nuna mana irin tsoron da a ke yi wa sarkin.

To, me ya kashe gari kamar wannan? Yaƙi ne. Bayan Kanta ƙarfin Kabi ya yi ta raguwa. Azbinawa da Gobirawa da Zamfarawa suka dame ta da hari. Wajen shekarar 1700 Kabawa suka tashi, suka koma Birnin Kabi. Sarki ya tafi, kasuwa ta bi shi, talakawa suka bi kasuwa. Daji ya rufe gidaje.

A shekarar 1964 Gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi da doka ke tsarewa. Watau ba a yarda kowa ya kwashi dutsen ganuwar ya yi gini da shi ba, ko ya yi tono don neman dukiya.

Wanda ya yi niyyar zuwa, sai ya fara tambayar lafiyar hanya, gama a shekarun nan 'yan bindiga sun dami dazuzzukan wannan yanki. In hanya ba lafiya, a haƙura. In da lafiya, a gai da mai gari, a roƙi ɗan jagora. A ɗauki ruwan sha isasshe, a tafi da sassafe. Kada a sa hannu cikin tarin duwatsu, nan macizai da kunamu ke kwana. A kowane kufai kuma a lura da tsohuwar rijiya, ciyawa takan rufe bakinta.

Kafin aji na gaba, kowa ya je wurin dattijon unguwarsu. Ya tambaye shi sunan kufan da ke kusa, da abin da ya ta da mutanensa, ko yunwa ce, ko hari, ko rijiya ce ta ƙafe, da garin da suka koma. Ku rubuta da hannunku, ko layi uku ne, ku kawo mu karanta tare.