Abin da ke Sa Na'urar Sanyaya Mota ta Riƙa Ɗauke Sanyi Jifa-Jifa

1.0 Gabatarwa

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a garuruwa irin su Yamai da Damagaram yakan wuce digiri 40. A lokacin ne direba yake sanin darajar na'urar sanyaya mota, wadda ake kira kilim a Nijar, a Nijeriya kuma eyakwandishan. Idan na'urar ta mutu murus, gano ciwonta ba ya ba da wuya. Wadda ke wahalar da makanike ita ce mai ba da sanyi na ɗan lokaci, ta ɗauke, can an jima ta dawo kamar ba a yi ba. Sau da yawa da an isa gareji sai a tarar da ita lafiya lau. Maganin da aka fi saurin bayarwa shi ne "a ƙara gas", alhali ƙarancin gas ɗaya ne kawai daga cikin dalilan. Wannan takarda za ta nuna cewa lokacin da sanyin yake ɗaukewa shi ne ke nuna inda ciwon yake.

2.0 Yadda na'urar take aiki

Aikin na'urar shi ne ta kwashe zafi daga cikin mota ta fitar da shi waje. Dabarar ita ce dai wadda ke sa ruwan tulu ya yi sanyi, wato duk ruwan da ya koma iska yakan tafi da zafin abin da ya taɓa. Gas ɗin da ke zagaye cikin bututun na'urar yana tafasa tun yana da sanyi ƙwarai. Alal misali, wanda ake kira R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa.

Sassa huɗu ne ke gudanar da aikin. Na farko shi ne kwamfiresa, wadda fanbel ɗin injin yake juyawa, ita kuma ta matse gas har ya yi zafi. Na biyu shi ne kwandansa, wadda ke gaban lagireto, inda iska ke huce gas ɗin ya zama ruwa. Na uku wani bawul ne mai ƴar mitsitsiyar kafa, wanda ke sakin ruwan kaɗan-kaɗan. Na huɗu shi ne ibaforeta, wato wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. A nan ne ruwan yake tafasa ya tsotse zafi, fanka kuma ta huro sanyin cikin mota.

Ban da waɗannan, akwai wasu ƙananan na'urori masu gadi. Su ne ke tsai da kwamfiresa idan matsin gas ya yi ƙasa ainun, ko ya yi yawa, ko ibaforeta ta kusa daskarewa, ko injin ya ɗauki zafi. Ke nan ɗaukewar sanyi jifa-jifa sau da yawa alama ce ta cewa wani mai gadi yana kare kwamfiresa daga lalacewa.

3.0 Alamomi da dalilansu

3.1 Ɗaukewa a tsaye ko cikin cunkoso

Idan akwai sanyi lokacin da mota ke gudu, amma da an tsaya ko an shiga cunkoson kasuwa sai iska mai ɗumi ta biyo baya, to kwandansa ce ba ta samun iskar da za ta huce ta. A guje, iskar hanya ta wadatar, amma a tsaye fanka ce kaɗai madogara. Sai a kunna na'urar a buɗe bonet a duba ko fankar na juyawa da ƙarfi. A kuma duba fuskar kwandansa, domin ƙurar hunturu da ganye da ledoji sukan toshe ta. Cika gas fiye da kima shi ma yana kawo wannan alama, saboda matsi yakan hau har mai gadi ya yanke aiki.

3.2 Ɗaukewa bayan doguwar tafiya

Wani lokaci sanyi yakan yi kyau har na tsawon rabin sa'a ko fiye, sannan iskar da ke fitowa ta fara raguwa ko da yake ana jin ƙugin fanka. Ƙanƙara ce ta rufe ibaforeta ta hana iska wucewa. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe sanyin a bar fanka tana aiki. Idan bayan ƴan mintoci iska ta dawo, ruwa mai yawa kuma ya zubo ƙarƙashin mota, to an gano ciwon. Abin da ke jawo shi ko dai na'urar auna sanyin ibaforeta ta lalace, ko matatar iska ta cikin mota ta toshe da ƙura, ko gas ya ɗan ragu.

Akwai wata ƙanƙarar ta daban. Idan danshi ya shiga cikin bututu, yakan daskare daidai kafar bawul ya tare hanyar gas. A nan ƙarfin iska ba ya raguwa, sanyin ne kawai ke gushewa, ya dawo idan ƙanƙarar ta narke. Maganinsa shi ne a sauya ƴar tukunyar da ke tsotse danshi, a zuƙe iskar da ke cikin bututu da famfo na aƙalla minti 30, kafin a zuba sabon gas.

3.3 Ɗaukewa idan injin ya ɗumama

A yawancin tsofaffin motoci, kuloc mai aiki da maganaɗisun lantarki ne ke haɗa kwamfiresa da fanbel. Tazarar da ke tsakanin farantin kuloc da abin da ke juya shi ba ta kai milimita 1 ba. Yau da gobe farantin yakan cinye, tazarar ta ƙaru. Da safe maganaɗisu yana da ƙarfin jawo shi, amma idan wurin ya yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu ya kasa. Alamar ita ce a ga fanbel na juyawa, farantin gaban kwamfiresa kuwa yana tsaye cik. Sau da yawa cire wani siririn zobe a rage tazarar ya isa gyara. Rashin sanin haka yakan sa a sayi sabuwar kwamfiresa a banza, alhali tana cikin sassan na'urar mafi tsada. Wasu sababbin motoci ba su da wannan kuloc, wani bawul na lantarki ne ke daidaita aikin kwamfiresarsu, shi ma kuma yakan maƙale.

3.4 Kamawa da saki a kai a kai

Idan ana jin kuloc yana kamawa yana saki bayan ƴan daƙiƙoƙi, sanyin kuma bai taka kara ya karya ba, to an fi zaton gas ne ya yi ƙasa. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur, saboda haka raguwarsa na nufin akwai inda yake yoyo. Ana gano wurin ta hanyar tabon mai a mahaɗar bututu, ko kumfar sabulu, ko wani rini mai ƙyalli da ake zubawa cikin gas. Ƙara gas ba tare da toshe kafar ba zuba ruwa ne a rariya. Bugu da ƙari, gas ne ke ɗauke da man da ke shafe kwamfiresa, don haka idan ta daɗe tana aiki da ƙarancinsa sai ta ci kanta.

3.5 Ɗaukewa ba tare da ƙa'ida ba

Idan sanyi na ɗaukewa lokacin da aka faɗa rami ko aka hau hanya mai gargada, sai a nemi ciwon a wajen lantarki: waya da ta saki, ko mahaɗa da ta yi tsatsa, ko rilai da ya gaji. Ana gwada rilai ta hanyar musanya shi da wani irinsa da ke cikin akwatin fis. Amma ɗaukewar ƴan daƙiƙoƙi yayin da direba ya taka totur sosai ba ciwo ba ne, domin motoci da yawa suna tsai da kwamfiresa a lokacin don injin ya sami ƙarfi.

4.0 Abubuwan kiyayewa

Gas iri-iri ne, kuma ba a gauraya su. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, wanda aka daina bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. R-134a ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1990. Daga 2017 Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, yawancinsu suka koma R-1234yf. Tun da motocin hannu da ke shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome shekarunsu sun bambanta, wajibi ne a karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ita ce ke faɗin irin gas da nauyinsa, kuma da sikeli ake auna shi. Kada a zuba gas ɗin girki, domin yana kama wuta. Kada a haɗe wayar mai gadi don a tilasta wa kwamfiresa aiki. Kada kuma a kwance bututu alhali da gas a ciki, domin yana ƙona fata da sanyi, yana kuma iya makantarwa.

5.0 Kammalawa

Bincike nagari daga mai sauƙi yake farawa: matatar iska, fuskar kwandansa, fanka, rilai da wayoyi, sannan kuloc, daga ƙarshe a ɗaura agogon auna matsi. Mai mota ma yana da nasa aikin. Ya lura ko a tsaye sanyin ke ɗaukewa ko a guje, bayan minti nawa, ko iska na raguwa, da kuma abin da ke sa ya dawo. Wanda ya je gareji da waɗannan amsoshi ya rage wa makanike lalube, ya kuma tsare aljihunsa daga sayen abin da bai lalace ba.