Daga Kamun Ƙwari Zuwa Pokémon: Yadda Mai Labari Ya Samo Masu Zane

 

Da yawa daga cikinmu mun san wata 'yar halitta rawaya mai jajayen kumatu da wutsiya kamar walƙiya. Muna ganin ta a jikin jakunkunan makaranta da bangon littattafan rubutu da rigunan yara. Sunanta Pikachu, kuma ta fito ne daga wani wasan kwamfuta da ake kira Pokémon. To amma su wa suka ƙirƙiro ta? A wannan fitowa mun kawo muku tarihinsu daga ƙasar Japan. Mun zaɓi labarin ne saboda dalilai biyu. Na farko, ya fara ne da wata 'yar mujalla da aka rubuta da hannu, irin wadda kuke tsaye kuna karantawa yanzu. Na biyu, yana nuna amfanin yaran da suka iya zane, waɗanda sau da yawa ake yi wa faɗa cewa suna ɓata takarda.

Yaro mai kamun ƙwari

An haifi Satoshi Tajiri a shekarar 1965, ya kuma tashi a garin Machida da ke gefen birnin Tokiyo. A lokacin garin yana da gonaki da kududdufai da dazuzzuka. Tajiri ba shi da abin da yake so kamar kamun ƙwari. Yakan kama su, ya lura da kamanninsu da halayensu, ya nemi sababbin dabarun kama su. Har abokansa suka sa masa laƙabin da ke nufin likitan ƙwari.

Da garin ya ci gaba da girma, sai aka cike kududdufan, aka yi gine-gine da tituna a inda gonaki suke. Ƙwarin suka ragu. A daidai wannan lokaci ne gidajen wasan kwamfuta suka yawaita a Japan, musamman bayan fitowar wasan Space Invaders a 1978. Hankalin Tajiri ya koma can. Ya riƙa tsallake darasi yana tafiya wasa, har ya kusa rasa takardar kammala sakandare. Sai da ya yi ƙarin darussa na cike giɓi kafin ya same ta. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba abin koyi ba ne. Daga baya ya shiga kwalejin fasaha a Tokiyo, inda ya karanci ilimin lantarki da kwamfuta, kuma wannan karatu ya yi masa rana.

Mujallar da aka rubuta da hannu

A 1983, yana ɗan shekara 17, Tajiri ya fara fitar da wata ƙaramar mujalla mai suna Game Freak. Da hannunsa yake rubuta ta, ya yi fotokwafi, ya maƙale shafukan, sannan ya kai shago a sayar. A cikinta yana bayyana dabarun cin wasanni da sirrin da ke ɓoye a cikinsu. Fitowar da ta fi kasuwa ita ce wadda ta yi bayani a kan wasan Xevious, wadda aka sayar da kwafi fiye da 10,000.

Tajiri ya iya rubutu, ya kuma san wasanni ciki da waje. Abin da mujallar take buƙata shi ne mai zane. Wata rana wani saurayi mai suna Ken Sugimori, wanda aka haifa a 1966, ya ga mujallar a shago. Shi kuwa burinsa shi ne zanen littattafan barkwanci da labarai masu hotuna da Japanawa ke kira manga. Sugimori ya nemi Tajiri, suka haɗu, ya zama mai yi wa mujallar zane. Ku lura da yadda abin ya faru. Da Tajiri ya ɓoye rubutunsa a cikin jaka don yana jin kunyar rubutun hannu, da Sugimori bai san da shi ba.

Daga sharhin wasa zuwa ƙera wasa

Bayan sun daɗe suna rubutu a kan wasannin wasu, sai suka ga cewa da yawa daga cikin wasannin ba su da inganci. Suka ce maganin abin shi ne su yi nasu. Tajiri ya kwance injin wasa na Famicom, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a 1983, don ya ga yadda yake aiki, ya kuma koyi rubuta umarnin kwamfuta.

A 1989 suka mayar da sunan mujallar ya zama sunan kamfani. Tare da su akwai Junichi Masuda, wanda yake tsara kiɗan wasannin. A shekarar suka fitar da wasansu na farko mai suna Quinty, ta hannun kamfanin Namco. A Amurka an sa masa suna Mendel Palace. Wasa ne mai sauƙi. Ɗan wasa yana tsaye a ɗaki mai daɓe na tayil, yana juya tayil ɗin da ke ƙarƙashin abokan gaba don su zame su bugi bango. Dabara ɗaya ce tak, amma sun yi ta da kyau. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wayar da ta haɗa inji biyu

A 1989 ɗin dai Nintendo ya fitar da Game Boy, ɗan ƙaramin injin wasa da ake riƙewa a hannu. Yana da wata waya da ake haɗa inji biyu da ita don mutum biyu su yi gasa. Da Tajiri ya ga wayar, sai ya tuna da yarintarsa. Ya ƙiyasta ƙwaro yana bin wayar daga wannan inji zuwa wancan. Sai ya yi tunani: me zai hana yara su yi musayar halittu ta cikin wayar, kamar yadda masu tara ƙwari ke musaya? Ta haka yaran birni da ba su da daji za su ɗanɗani abin da ya ɗanɗana.

Amma yaya za a fahimtar da manyan kamfani abin da yake cikin kan mutum kawai? A nan ne aikin mai zane ya fito fili. Sugimori ya zana halittun da yanayin duniyar wasan a takarda, aka haɗa da bayanin Tajiri, aka kai wa Nintendo a 1990. Sunan farko da suka sa wa aikin shi ne Capsule Monsters. Nintendo ya amince. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya riƙa ba Tajiri shawara. Shi ne ya kawo shawarar a yi wasan kashi biyu, kowane kashi da wasu halittun da babu a ɗayan. Saboda haka duk mai son ya tara su duka, dole ya nemi aboki su yi musaya.

Aikin ya ci kusan shekara shida. Kuɗi suka yi ƙaranci, ma'aikata biyar suka ajiye aiki, shi kansa Tajiri ya daina ɗaukar albashi, mahaifinsa ne yake tallafa masa. Don kada kamfanin ya durƙushe, sai suka riƙa yin ƙananan wasanni a tsakani: Yoshi a 1991, Mario & Wario a 1993, da Pulseman a 1994. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne suka riƙe babban aikin, suka kuma ƙara musu ƙwarewa.

Yadda ake zane da ɗigo

Fuskar Game Boy tana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye. Idan muka ninka, za mu samu ɗigo 23,040. Ba ta nuna launuka iri-iri, sai mataki huɗu kawai daga haske zuwa duhu. Halittar da ta fi girma a wasan farko ba ta wuce ɗigo 56 a kwance da 56 a tsaye ba. Mutanen da ke yawo a cikin gari kuwa ɗigo 16 ne a kowane gefe. Saboda haka mai zane ba shi da wurin yin ado barkatai. Dole ya zaɓi abu ɗaya ko biyu da za su sa a gane halitta da kallo ɗaya, kamar dogon kunne ko ƙaho ko wutsiya.

Halittun farko da ƙungiyar ta zana sun yi kama da dodanni masu ƙarfi. Daga baya suka ga suna buƙatar masu ban sha'awa da yara za su so. Sai wata mai zane, Atsuko Nishida, ta shigo cikin aikin. Ita ce ta zana Pikachu, kuma kai tsaye da ɗigo ta gina shi a kwamfuta. Ta ɗauko kumatunsa daga kurege, wanda yake tara abinci a kumatu, shi kuma Pikachu yana tara wutar lantarki a nasa. Sunan ya fito daga kalmomin Japananci biyu: pika, wadda ke kwatanta ƙyalli, da chu, wadda ke kwatanta kukan ɓera. Shi kuma Sugimori ya bi halittun 151 ɗaya bayan ɗaya, ya zana su a takarda da fentin ruwa don su zama da salo ɗaya.

Idan muka duba da kyau, za mu ga darasin kimiyya a cikin zanen. Akwai halittar da take farawa a matsayin tsutsa, ta shiga ƙwanso, ta fito a matsayin malam-buɗe-littafi, daidai da yadda muka koya a aji. Akwai kuma Poliwag mai zane kamar naɗin gammo a ciki. An samo shi daga talibambam, wanda ake iya hango hanjinsa a naɗe ta cikin fatarsa. Sai wanda ya tsuguna a bakin kududdufi ya lura da kyau ne zai san wannan.

Abin da ya biyo baya

A ranar 27 ga Fabrairu 1996 aka fitar da wasan a Japan, kashi biyu, Ja da Kore. Mutane da yawa sun ɗauka zamanin Game Boy ya wuce, amma kasuwar wasan ta riƙa ƙaruwa a hankali yayin da yara ke ba juna labari. A 1997 aka fara nuna katun ɗinsa a talabijin. A Japan sunan jarumin katun ɗin Satoshi, wato sunan Tajiri, abokin hamayyarsa kuma Shigeru, wato sunan Miyamoto. A 1998 wasan ya isa Amurka, daga nan ya bazu a duniya. Wani abin lura shi ne, Tajiri bai yarda halittun su zubar da jini ko su mutu a fafatawa ba. Suma kawai suke yi, a yi musu magani su farfaɗo.

Me ya shafe mu?

Tajiri yana da tunani, Sugimori da Nishida suna da hannun zane, Masuda yana da kunnen kiɗa. Babu ɗayansu da zai iya aikin shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kusan kowane aji akwai mai zana motoci ko furanni ko zanen lalle a bayan littafinsa, kuma yawanci yana ɓoyewa. Muna roƙon malamanmu, idan kun ga irin wannan ɗalibi, ku tsawata masa idan a lokacin darasi yake yi, sannan ku nuna masa lokacin da ya dace da wurin da zai kai zanensa. Littattafan karatunmu da taswirori da hotunan sassan jiki na darasin kimiyya duk masu zane ne suka yi su.

Ku kuma 'yan uwa, ga gwaji. Ku samu takarda mai ɗakuna irin ta lissafi, ku ware ɗaki 16 a kwance da 16 a tsaye. Ku zaɓi wata halitta da kuka sani, kamar fara ko ƙadangare ko hawainiya, ku lura da ita sosai. Sannan ku zana ta ta hanyar cike ɗakunan da fensir, mataki huɗu kacal: fari, toka mai haske, toka mai duhu, da baƙi. Ku nuna wa abokinku ba tare da kun faɗa masa sunanta ba. Idan ya gane ta, kun yi nasara. Idan bai gane ba, ku duba abin da ya bambanta ta da sauran halittu, ku ƙara fito da shi.

Wannan allo namu yana da marubuta, amma yana ƙarancin masu zane. Duk wanda ya yi gwajin, ya rubuta sunansa da ajinsa a bayan takardar, ya ba kowane ɗan ƙungiyarmu a lokacin tara. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, ɓangaren ƙaramar sakandare.